Tabon Ƙaho a Bayan Hamma

Idan ka hango Hamma na Toranke daga nesa, sai ka ɗauka sanda aka kafa aka rataya mata riga. Dogo ne siriri, ba nama a jikinsa ko na kwabo, amma na ga ranar da ya saɓa buhun shinkafa a kafaɗa yana shan rake da ɗaya hannun. Tare muka taso. Ni kakana Babarbare ne, shi kuwa Bafillace, saboda haka tun muna yara ba mu taɓa gaisawa babu tsiya a ciki ba. Ina ce masa Ɗan Fillo, yana ce mini bawansa, wai kakansa ne ya sayi nawa da ƙwaryar nono ɗaya, kuma har yau danginsu na ganin an cuce su a cinikin.

A ruga aka haife shi, daf da Toranke ta gabas. Ya yi kiwo har ya shekara goma sha tara, shekarar da ciwon huhu ya shiga garken ubansa ya bar musu saniya huɗu da wani maraƙi mai ido ɗaya. Uban ya sayar da su ya sayi gona, suka shigo gari suka koyi riƙon fartanya da girmansu. Hamma ya koya, sai dai har gemunsa ya fara fari yana noma ne kamar mai ba ƙasa haƙuri. Ya auri Hajo, 'yar Malam Yusufu na Gafasa, suka haifi biyar, uku suka rayu. Da damina yana gona. Da rani kuma, tun da aka buɗe wani kamfanin casar shinkafa a bakin Gaya, yana can yana dakon buhuna daga mota zuwa sito. Shekara tara ya yi a haka, da katinsa na aiki mai hoto, wanda a ciki ya fito kamar an kama shi da akuyar wani.

Ni direba ne, ina jan bas tsakanin Gaya da Kano. Duk zirga-zirgar da ke cikin labarin nan a motata aka yi ta.

Wata Talata, bayan azahar kaɗan, wani layin buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, wanda aka jera har kusan rufin sito, ya gangaro. Mutum biyu ne a ƙarƙashi: Hamma da abokin dakonsa Maiwada, mutumin Balan. An kusa sa'a guda ana janye buhuna. Hamma an fito da shi da rai. Maiwada da sauran ɗumi a jikinsa, amma shi ke nan.

Likitan da ya fara duba Hamma ya sa an ɗauki hoton bayan. Ya ɗaga hoton a taga ya nuna wa Hajo da bakin biro. Ƙashi biyu na ƙasan baya sun murƙushe, ɗaya ya danne jijiyar da ke tafiya ƙafar hagu. Ya ce sai an yi tiyata a Kano, kuma ya faɗi maganar da Hajo ta riƙe kamar karatu: duk watan da ya wuce jijiyar na ƙara mutuwa, wurin da ya mutu kuwa ba ya dawowa. Aiki ne wanda ko an haɗa gonar Hamma da gidansa da bas ɗin nan tawa ba za su biya ba. Amma kamfanin ya yi wa ma'aikatansa inshora, kuma a bakin aiki abin ya faru, gaban mutum talatin. Aka cike takardu, Hamma ya dangwala yatsa. Masu inshora suka ce sun ji, sai dai dole nasu likitan ya gan shi tukuna.

Kafin ranar ta zo na je duba shi a gida. Yana kwance rub da ciki a zaure, don tun ranar bai ƙara yarda ya kwanta rigingine ba. Na ce, "Ɗan Fillo, ashe haka kake da wayo. Ka gaji da noma ka samo dalili."

Bai rama ba. Ya ce, "Ka san bai mutu nan take ba?"

Na ce wa.

"Maiwada. Muna magana. Ba na ganinsa, duhu ne, ƙura ta cika mini baki, amma kansa na nan kusa da ni. Sai ya ce, Hamma, sun zo? In ce ga su nan. Can kuma ya ce, Hamma, sun zo? In ce ga su nan, ina jin muryoyinsu. Ni kuwa ba abin da nake ji." Ya goge bakinsa da gefen matashi. "Sau takwas ya tambaya. Na ƙirga. Ina jiran na tara."

Hajo ta gaya mini daga baya cewa bayan azahar, lokacin da gari ke yin tsit, kaji ma sun shige inuwa, sai ta ji shi daga zaure ya ce, "Ga su nan," da muryar mai amsa sallama. Ta leƙa, babu kowa. Ta daina dafa shinkafa a gidan, don ko ƙamshinta ya ji sai numfashinsa ya sarƙe.

Ranar ganin likitan inshora Hamma ya sa an yi wa babbar rigarsa ta Sallah guga. Na ce masa wurin likita za mu ko wurin ɗaurin aure, ya ce shi ba a haife shi don ya shiga Kano kamar Babarbare ba. Muka cire kujera ɗaya muka shimfiɗa masa katifa. Duk ramin da na faɗa daga Gaya zuwa Wudil ina jin haƙoransa na haɗuwa.

Asibitin na kuɗi ne, da daɓen tayil da na'urar sanyi. Ni na riƙe shi muka shiga. Likitan matashi ne mai tsabta, Bahaushe, ya gaishe mu da ladabi. Hoton da muka zo da shi ya kalle shi kamar yadda ake kallon katin gayyatar bikin wanda ba ka sani ba. Ya ce Hamma ya ɗaga riga. Da ya ga bayan sai ya gyara zama.

A nan sai na yi bayani, don na lura yaran birni na yanzu ba su san abin ba. A wajenmu, idan bazara ta kama, kafin ruwan farko, kusan duk magidancin da ke riƙe fartanya yakan je wurin wanzami a yi masa ƙaho. A zauna a inuwa a tuɓe riga, wanzami ya kafa ƙahon saniya a bayanka ya zuƙa, ya cire, ya yi 'yan tsage da aska, ya mayar ya ja jini. Biyu a kafaɗu, biyu a kwankwaso. Ana cewa mataccen jinin rani ake fitarwa, jiki ya yi sakayau a shiga damina. Ba sai kana ciwo ba. Mai lafiya ma shi ya fi zuwa, don shi ke da noma a gabansa. Kamar yadda nake juye wa mota baƙin mai ne ba tare da ta lalace ba. Kowace shekara tana barin 'yan layukanta, har bayan mutum ya koma kamar allon da aka yi ta rubutu ana wankewa.

Likitan ya taɓa tabon kwankwaso da yatsa. Ya ce, "Malam, tun yaushe ake maka wannan?"

Hamma ya ce, "Ranka ya daɗe, tun shekarar da muka shigo gari. Ya fi shekara ashirin da biyar."

"Kullum a nan wurin?"

"Kullum nan."

"Kana jin daɗi in an yi?"

"Sosai kuwa. Sai ka ji kamar an sauke maka kaya."

Gaskiya ya faɗa, kuma da alfahari ya faɗe ta. Likitan ya danna bayan sau biyu ya ce da zafi? Hamma, wanda a rugarsu yaro kan sha bulala yana murmushi, ya ce, "Da sauƙi." Aka ce mu tafi za a aiko da sakamako. Shayin da na saya a bakin ƙofa kafin mu shiga, da muka fito bai huce ba.

Bayan mako biyar takarda ta iso. Sa'adiya ce ta karanta, 'yarsu ta biyu, wadda ke koyarwa a wata firamare a Ajingi. Ta karanta a zuci, ta sake karantawa, sannan ta fassara tana kallon ƙasa. Wai ciwon bayan tsoho ne. Wai akwai shaidar maganin gargajiya na sama da shekara ashirin a daidai wurin, kuma majinyacin da bakinsa ya ce yana samun sauƙi da shi. Wai abin da ke cikin hoton zaizayar shekaru ce da ɗaukar kaya. Haɗarin sito kuwa bugu ne kawai, hutun mako biyu ya ishe shi. Ba tiyata a wuyansu.

Ko likitan bai san ƙaho ba ne, ko ya sani ya ga hanya, ni ban shiga zuciyarsa ba.

Na zaci Hamma zai yi faɗa. Sai ya ce Sa'adiya ta maimaita wurin bugun. Ta maimaita. Sannan ya ce, "To wane ne a ƙarƙashin buhunan nan?"

Sa'adiya ta ce, "Baba, kai ne mana."

"Takarda ta ce bugu ne. Abin da ya kashe mutum a gefena." Ya juya fuska bango. "A bar shi. Allah ya riga ya rubuta."

Hajo tana bakin ƙofa da muciya a hannu. Ba mai yawan magana ba ce a gaban baƙi, amma ni ba ta ɗauke ni baƙo ba, ta ɗauke ni annoba. Ta ce, "Allah ya rubuta buhu ya faɗo. Wannan kuwa wani ne ya rubuta da biro, ina da tabbacin ko alwala bai yi ba. Direba, ina mutumin nan na ƙungiya?"

Mutumin ƙungiya shi ne Hafizu, sakataren leburorin kamfanin, gajere mai jaka a hammata. Ya ce ana iya ƙin yarda. A rubuta ƙorafi zuwa hukumar da ke kula da diyyar ma'aikata kafin wa'adi ya cika, ita kuma ta kafa kwamitin likitoci uku waɗanda ba na kowa ba, su sake dubawa. Amma ya ce kada mu je da rantsuwa kawai, can ba a cin rantsuwa. Sai da abin nunawa.

Hajo ta ce, "Abin nunawa? Duk mazan garin nan bayansu haka yake. A kwashe su a kai."

Sa'adiya ta rubuta ƙorafin, Hafizu ya kai. Ni kuma aka ba ni aikin tara bayuna. Na fara da Barau wanzami, wanda shi ya yi wa Hamma ƙaho tun na farko. Ya yarda nan take, sai dai shi kansa shekara arba'in na tsuguno a kan kawunan mutane sun lanƙwasa shi kamar lauje. In aka nuna bayansa a matsayin shaidar lafiya, har da mu za a ɗaure. Nawa bayan kuwa sumul yake kamar na jariri, don ni ko allura aka fito da ita sai an riƙe ni. Na bi majalisa majalisa. Mutum goma sha huɗu suka ce ko gobe. Har Musbahu mai nama ya ce shi a motar ma zai tuɓe.

Sai jira. Wata ɗaya, biyu, huɗu. Damina ta zo ta wuce, maƙwabta suka yi wa gonar Hamma gayya. Yana iya takawa da sanda daga zaure zuwa masallaci, yana jan ƙafar hagu. Wata rana na gan shi ya dawo da takalmi ɗaya, ɗayan yana can tsakiyar hanya, bai san ya fita ba. Na ɗauko na ce, "Ɗan Fillo, sadaka kake yi da ɗai-ɗai?" Ya kalli ƙafar ya kalli takalmin, bai karɓa ba sai da na ajiye masa. Lokacin yatsu ne da tafin ƙafa kawai suka daina ji. Kafin kaka abin ya kai idon sawu.

Ta'aziyyar Maiwada ma bai je ba. Balan ba nisa, na ce zan kai shi kyauta. Ya ce uwar za ta tambaye shi abin da ɗanta ya faɗa a ƙarshe, shi kuma me zai ce ya amsa masa?

A wata na goma aka sa rana. Hafizu ya zo da labarin, ya ƙara da cewa shugabar kwamitin mace ce. Ban san wanda ya kai wannan magana majalisa ba. Kafin kwana biyu, wannan ya tuna yana da suna a Dutse, wancan surukarsa ba lafiya. Musbahu mai nama ya ce shi bai ƙi ba, amma matarsa ta ce in ya tuɓe wa wata mace a Kano kada ya dawo mata. Na ce masa ai likitar ma in ta ga wannan tumbin sai ta nemi diyya. Bai zo ba dai.

Da safen ranar, motar da na wanke don mutum goma sha huɗu ta tashi da biyar: ni, Hamma a katifa, Hajo, Sa'adiya, da Barau rungume da zabirarsa ta aska. Hafizu ya riga mu tafiya. Mun kai mararrabar da hanyar Gafasa ke fitowa sai na ga wani tsoho tsaye da farar riga da sanda. Hajo ta ce, "Tsaya. Baffa ne."

Malam Yusufu ke nan, mahaifinta, shekara saba'in da huɗu. Wanda bai san Fulani ba ba zai gane abin da ya faɗo wa Hamma a wannan lokacin ba. Shekara ashirin da shida yana auren 'yar mutumin nan, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, bai taɓa kama sunansa ba. In ya hango shi a kasuwa sai ya sake layi. In gaisuwa ta zama dole, daga nesa zai tuɓe takalmi ya durƙusa. Ga shi yau kwance rub da ciki kamar ƙadangare, suruki na shigowa mota. Ya yunƙura zai tashi. Tsohon, ba tare da ya waiwaya ba, ya ce wa gilashin gaba, "A ce wa yaron nan ya kwanta."

Sa'adiya ce kaɗai ke da bakin yi masa wasa, da yake jika ce. Ta ce, "Angona, ina zuwa haka da kwalliya?"

Ya ce, "Kano za ni in ƙaro aure. Ke kin tsufa."

Wanda ya gaya masa, har yau Hajo ta ce ba ita ba ce.

Ɗakin kwamitin ba shi da girma. Likitoci uku a bayan tebur, gadon duba marasa lafiya a gefe, da wakilin masu inshora da fayil a cinya. Shugabar dattijuwa ce mai tabarau, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta. Ta sa aka kwantar da Hamma aka ɗaga rigar, ta ce Barau ya yi bayani.

Barau ya matso yana ɗingishi, ya bi tabon da yatsa kamar mai bita. "Ranki ya daɗe, duk aikina ne. Wannan na shekarar da aka yi fara. Wannan na shekarar da aka haifi yarinyar nan. Ga na kafaɗa, kin ga ai daidai suke da na ƙasa. In don ciwo ne, a wuri ɗaya ake tarawa, inda mutum ya nuna. Wannan huɗu ne, na shiga damina."

Wakilin inshora ya ce, cikin ladabi, wanzami ba likita ba ne, kuma mutumin garinsu ne. Ya ce shi bai taɓa jin mai lafiya ya kai kansa a tsaga shi da aska ba. In akwai irinsu, ina suke?

Hafizu ya kalle ni. Na kalli silin.

Sai muka ji ƙarar sanda ta faɗi a ƙasa. Malam Yusufu ya miƙe. Ya cire hula ya miƙa wa Sa'adiya. Ya tattaro babbar riga ya fitar ta ka. Hajo ta ja mayafi ta rufe fuska ta fice. Ya cire 'yar ciki. Hamma, da ya gane abin da ke faruwa, ya tura fuskarsa cikin katifar gadon ya ɗora hannu biyu a ƙeya.

Tsohon ya juya wa teburin baya. Biyu a kafaɗu, biyu a kwankwaso, tabo kan tabo na shekara hamsin da wani abu, har fatar wurin ta yi sheƙi. Likitar ta taso ta zagayo, ta gyara tabarau. Ta ce, "Baba, bayan na damunka?"

"Bai taɓa ba."

"Za ka iya sunkuyawa?"

Ya sunkuya ya dafa ƙasa da tafin hannu biyu. Ya tsuguna ya miƙe ba tare da ya dafa komai ba, abin da ni na yi bankwana da shi tun ina ɗan arba'in. Ya ce, "Gonata a Gafasa ni nake nome ta. Bana ma wannan ya yi mini," ya nuna Barau da haɓa. Sannan ya tsaya, ƙirji a waje, haƙarƙari na hawa da sauka, ya ce wa bango, "Yaron nan shekara ashirin da shida 'yata na gidansa. Ban taɓa jin an ce ya kwana biyu a kwance ba sai da kayan nan suka faɗo masa. Abin da na zo faɗa ke nan."

Ya mayar da tufafinsa ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba.

Likitar ta koma wurin Hamma ta danna bayan ta ce da zafi? Murya daga cikin katifa ta ce da sauƙi. Ta dubi Hamma, ta dubi tsohon, ta tambayi Sa'adiya a hankali me ke tsakaninsu. Da ta ji, sai ta ce, "Baba, mun gode. A ɗan ba mu wuri. Kowa ma ya fita, a bar mini mai fassara in an buƙata." Sa'adiya ta ce babanta na jin Hausa sarai. Ta ce to ita ma ta fita.

Muna zaune a benci a baranda, ni da tsohon, sai ihun ya fito ta ƙarƙashin ƙofa. Shekara arba'in na san Hamma, ban san yana da wannan muryar ba. Ba sau ɗaya ba. Hajo ta toshe kunne da mayafi. Malam Yusufu ya zaro goro daga aljihu ya ɓare ya miƙo mini rabi. Ya ce, "Direba, wannan hanya ta Wudil, yaushe za su gyara ta ne?"

Na ce ai kullum cewa suke an ba da kwangila.

Ya ce, "To. To."

Sun fi sa'a guda da shi. Suka soka masa allura daga cinya har yatsa suna tambaya, suka aika a ɗauki sabon hoto a na'urar da ake shigar da mutum ciki. Wannan ma sai da aka yi fama, don da ya ga ramin na'urar ya ce ba zai shiga ba, akwai mutum a ciki. Sai da aka yi masa allurar barci.

A hanyar dawowa tsohon na gaba, Hamma na can ƙarshen mota, har muka iso mararrabar Gafasa. Tsohon ya sauka ya ce a gaida gida. Tun daga ranar bai sake taka Toranke ba, Hamma kuma bai sake taka Gafasa ba. Gaisuwa sai ta bakin Hajo. Ba faɗa suka yi ba. Kowannensu dai ya ga abin da bai kamata ya gani ba, ko ya ji.

Bayan mako bakwai hukunci ya fito. Likitocin uku sun haɗu a kan cewa karaya ce ta lokaci ɗaya, irin ta nauyi da ya faɗo daga sama, kuma tabon fata ba shi da alaƙa da ita. Suka ce a yi tiyata ba tare da jinkiri ba, a kuma biya shi diyyar nakasa. Masu inshora ba su ja ba. A wata na goma sha uku da faɗowar buhunan aka shiga da shi.

Likitan da ya yi aikin ya same mu a baranda, da hular tiyata a kansa. Ya ce an ɗaga ƙashin, an sa ƙarfe, ciwon zai ragu sosai, ƙafar dama ta tsira. Ta hagu kuwa daga gwiwa zuwa ƙasa sai haƙuri. Hajo ta ce da an yi da wuri fa? Ya ce, "Hajiya, da a wata ukun farko ne, da da ƙafarsa zai koma gona." Ya ga fuskarta, ya so ya gyara maganar, bai samu abin gyarawa da shi ba.

Yanzu Hamma na Toranke. Yana tafiya da sanda da wani takalmin roba mai tauri da ke riƙe masa sawu. Da diyyar ya sayi tumaki yana kiwo a bayan gida, ya ce ashe dai can zai koma. Ya fara rama tsiya, wanda a wurina shi ne alamar sauƙi. Ranar da na je a bazarar bana na same shi a zaure, ana zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa, ya lulluɓe ƙafar hagun da bargo.

Na ce, "Ɗan Fillo, ƙwai kake ƙyanƙyasa?"

Ya ce, "Sanyi take ji."

"Ƙafar da aka ce ko wuta aka sa mata ba ta sani ba?"

"Ba ta jin komai. Jiya ma ƙaya ta shige ta, sai da Hajo ta ga jini a tabarma." Ya janye bargon, ya zagaye idon sawun da yatsu, a hankali, ya nuna mini daidai wurin. "Sai nan. Nan kullum a riƙe yake. Yatsa huɗu ta gaba, babba ta baya."

Na ce ai likita ya faɗa, jijiyar da ta mutu takan yi irin wannan ƙaryar.

Ya ce, "Haka ya ce." Ya mayar da bargon ya soke gefensa a ƙarƙashin diddige. "Ban gaya wa kowa ba a lokacin. Hannun Maiwada ɗaya ne a waje, da shi ya lalubo ƙafata. Da suka zo ɗaga ni sai da suka ɓamɓare yatsun."

Wata tunkiya ta leƙo zauren tana neman dusa, ya kore ta da sanda. Ya tambaye ni ko na ji an yi ruwa wajen Gaya, na ce yayyafi ne kawai, bai jiƙa ƙasa ba.